Wa Ya Taɓa Tambayar Ku, Mutanen Gwarzo da Kabo?

 A matso da benci, a gyara zama, yau da ku nake. Maganar da ke tafe da ni ba ta da tsawo: akwai ƙasashen da idan an gama kaɗa ƙuri'a, an ƙidaya, an faɗi sakamako, sai gwamnati ta fitar da kuɗi ta sa masana su bi mutane gida gida suna tambaya, me ya sa ka dangwala nan ba ka dangwala can ba? Ni kuma so nake mu ma mu fara.

Ga dariyar nan ta tashi, ina jin ta tun daga nan. Malam na Getso ya turo hula gaban goshi, ya ce, "Ɗan nan, ba ni rabin kuɗin binciken, in gaya maka dalili ko tashi daga bencin nan ban yi ba. Taliya ce." Alhaji na Garo ya ce ba taliya ba ce, maigida ne ya yi umarni. Wani daga Lakwaya ya ce ku duka ba ku san komai ba, ɗan gida aka bi. Na Durun, wanda gwaninsa ya faɗi, ya ce wace ƙuri'a kuma, ai rubutawa kawai aka yi. Masha Allah. Ƙasa cike da farfesoshi, kowa da amsarsa a aljihu, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ko matar gidansa.

To, farfesoshi, ga lissafi ku warware mini. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, a zaɓen shugaban ƙasa, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya sami ƙuri'a 997,279 a jihar Kano, Bola Tinubu na APC ya sami 517,341. Bayan mako 3, ranar 18 ga Maris, aka koma rumfa zaɓen gwamna. Abba Kabir Yusuf na NNPP ya sami 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya sami 890,705. Wato kwandon NNPP ya ƙaru da ƙuri'a 22,323 kacal, tsintsiyar APC kuwa ta ƙaru da 373,364. Su wane ne waɗannan mutane dubu ɗari uku da ɗoriya? 'Yan PDP ne suka sauya sheƙa? Waɗanda suka kwana a gida a Fabrairu ne suka fito a Maris? Ko masu jar hula ne da suke son Madugu Kwankwaso a Abuja amma suke ganin mutuncin Gawuna a Kano? Malam na Getso, kada ka ce taliya tukuna. Ku da bakinku kuke cewa kowane ɓangare yana rabo, kuma ku ne kuke koya wa yara cewa a karɓi kayansu a zaɓi ra'ayi. Idan matar da ta karɓi ta wannan ta karɓi ta wancan ta shiga rumfa ita kaɗai, wace taliyar ce ta riƙe mata yatsa?

Mai cewa ɗan gida aka bi, kai ma zo nan. A wannan zaɓe abokin takarar Abba shi ne Aminu Abdussalam Gwarzo, abokin takarar Gawuna kuma Murtala Sule Garo, daga ƙaramar hukumar Kabo. Mazaɓar tarayya ɗaya, kujerar majalisar wakilai ɗaya, hanya ɗaya ake bi zuwa birni. Duk wanda ya ci, mataimakin gwamna naku ne. To wane ɗan gidan aka bi? Ka ga yadda amsarka ta yi gajere, ko gwiwa ba ta rufe ba.

Kuma fa duk wannan gardama a kan waɗanda suka fito ake yin ta. Masu rajista a Kano a shekarar sun kusa miliyan 6, waɗanda suka fito zaɓen gwamna kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin uku. Jam'iyyar da ta fi kowace girma a jihar nan ita ce ta masu zama a gida, kuma ba ta da kakaki.

Bari in kai ku Turai, ko da yake na san wasunku ko Ɗayi ba sa zuwa sai da dalili. Ayalan ƙaramar ƙasa ce a gefen Birtaniya, mutanenta ba su kai rabin na jihar Kano ba. Wani manomi kuma masanin tattalin arziki, Raymond Crotty, ya kai gwamnatinsu kotu, kotun ƙoli ta ba shi gaskiya a 1987, tun daga nan kuma duk wata babbar yarjejeniyar Tarayyar Turai da ta taɓa ikon ƙasa sai an miƙa ta ga jama'a a ƙuri'ar raba gardama. A 2008 aka zo da yarjejeniyar Lisbon, wadda za ta sake tsarin tafiyar da Tarayyar mai ƙasashe 27. Sauran ƙasashen a majalisa suke amincewa, Ayalan ce kaɗai ta tambayi talakawanta. Jam'iyyar gwamnati ta ce a amince, manyan jam'iyyun adawa suka ce a amince, 'yan kasuwa suka ce a amince. A majalisar wakilansu jam'iyya ɗaya ce tak, Sinn Féin, ta ce a'a. Ranar 12 ga Yuni aka kaɗa. Masu a'a 862,415, masu e 752,451. Ku duba da kyau, ƙuri'ar da ba ta kai wadda Gawuna ya faɗi da ita ba, ita ce ta taka wa nahiya guda burki.

Da a nan ne, kun san abin da za a yi. A kira taron manema labarai, a ce maƙiya ne, a ce an yi sammu, a kori shugaban jam'iyya na mazaɓa biyu, shi ke nan. Su kuwa gwamnatinsu ta ɗauko kamfanin bincike, Millward Brown IMS, ya yi hira da sama da mutum 2,000 tun abin bai huce ba, sannan aka ba malaman jami'a a Dablin, ƙarƙashin Farfesa Richard Sinnott, suka tsefe amsoshin. Abin da ya fito ya ba manyansu kunya. Babban dalilin masu a'a ba ƙin Turai ba ne. Kashi 42 cikin 100 nasu sun ce ba su gane abin da takardar ta ƙunsa ba, kuma ba za su sa hannu a abin da ba su gane ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku ya ɗauka yarjejeniyar za ta sa a riƙa kwashe samari da ƙarfi zuwa rundunar sojan Turai, alhali babu wannan a ciki. Wasu suna tsoron za a taɓa dokarsu ta hana zubar da ciki, wasu harajin kamfanoni, wasu kuma sun ƙi yarda ƙasarsu ta rasa kujerar kwamishina a hukumar Tarayyar. Matasa da masu aikin ƙarfi sun fi karkata ga a'a.

Kada ku ga laifin talakan. Firayim Ministansu, Brian Cowen, ya faɗa da bakinsa cewa bai karance takardar daga farko har ƙarshe ba, kwamishinansu a Tarayyar, Charlie McCreevy, shi ma ya nuna bai karance ba. Liman bai yi alwala ba yana faɗa da mamu.

Da aka san ciwon sai aka nemo maganinsa. A Disambar 2008 shugabannin Tarayyar suka yarda kowace ƙasa ta riƙe kwamishinanta. A Yunin 2009 aka ba Ayalan tabbaci a rubuce cewa yarjejeniyar ba za ta taɓa harajinta ba, ba za ta tilasta mata shiga yaƙin kowa ba, ba za ta shiga maganar ciki da iyali ba. Ranar 2 ga Oktoban 2009 aka sake kaɗawa, masu e suka tashi da kashi 67 cikin 100.

Na ji ka, Baba na Kutama. Ka ce wannan abin Turawa ne, masu ƙoshi, mu nan ina muka ga ƙuri'ar raba gardama balle binciken dalilinta. Baba, da girmanka, zauna in ba ka labarin gidanku.

Mubi, Gwoza, Bama, Ganye, Gembu: duk waɗannan da ƙuri'ar raba gardama suka zama Nijeriya. Tsohon yankin Jamus ne, bayan yaƙin duniya na farko aka danƙa wa Ingila riƙonsa, daga baya ya zama amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, ana kiransa Arewacin Kamaru. Turawan Ingila ba su wahalar da kansu ba, suka haɗa yawancinsa da En'en Adamawa, na arewa kuma yana ƙarƙashin Dikwa a Lardin Barno. A 1958 Majalisar ta turo tawaga ta zagaya, ta saurari masu faɗa a ji, ta koma ta rubuta cewa ra'ayin mutanen a fili yake, Jihar Arewa suke so, ba sai an wahala da ƙuri'a ba. Kun ji irin amsar bencin nan taku, amma da hatimi. Duk da haka Majalisar ta ce a kaɗa. Ranar 7 ga Nuwamban 1959 aka tambayi mutane: ku shiga Arewacin Nijeriya idan ta sami mulkin kai, ko a ɗage maganar zuwa gaba? Jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello ta saki jiki. Da aka ƙidaya, masu son Nijeriya 42,788, masu cewa a dakata 70,546.

Sardauna guda, da sarakuna, da hakimai, da dagatai, da 'yan doka, amma talaka ya shiga rumfa ya ce a'a. Alhaji na Garo, ina maganar maigida ya yi umarni? Malam na Getso, a 1959 wace taliya aka raba a kan dutsen Gwoza?

Kwamishinan da Majalisar ta turo ya kula da ƙuri'ar, Djalal Abdoh, mutumin Iran, bai tsaya a lissafi ba, ya rubuta abin da ya gano: ƙuri'ar ta nuna fushi ne da tsarin mulkin gargajiya na yankin. Mutane ba Nijeriya suka ƙi ba, hakimin da aka turo musu daga Yola suka ƙi, da mai karɓar haraji, da kotun da ba ta jin yarensu. NEPU da Action Group da wata jam'iyyar yankin, NKDP, sun gane haka tun da wuri, a kan wannan ciwon suka yi ta danna yatsa. Abin da zan yaba wa gwamnatin Arewa da ke Kaduna shi ne ba ta tsaya zagin masu ƙuri'a ba. Aka bi yankin aka ji koke, aka zare garuruwan daga hannun Adamawa, aka kafa musu En'e nasu a Mubi, da ƙasar Chamba, da Gashaka da Mambila, aka raba Gwoza da Dikwa, aka yi musu alkawarin lardi na kansu. A Fabrairun 1961 aka sake tambaya, wannan karon Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Nijeriya 146,296, Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Gwamnatin Kamaru ta Ahmadu Ahidjo ta ji zafi har ta kai ƙara kotun duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kai a 1963.

Hajiya, ke da kike leƙe ta bayan labule, wannan taki ce: a ƙuri'ar 1959 maza kaɗai suka kaɗa, a ta 1961 Majalisar ta dage sai da mata. Matan Mubi sun riga iyayenki na Kabo dangwala yatsa da shekaru masu yawa, don a sauran Arewa babban zaɓen 1979 ne na farko da mata suka shiga.

Yanzu ga mai gardamar da nake jin tsoro, malamin makarantar nan na Sabon Birni mai karanta jarida har da tallace-tallace. Ya ce, "Yallaɓai, duk labaran naka biyu abu ɗaya suke faɗa: idan talaka ya ce a'a, sai a bincika yadda za a lallashe shi, a sake tambaya har sai ya ce e. Wannan ba jin ra'ayi ba ne, dabara ce." Malam, ka taɓo wuri. Ayalan ma ba a Lisbon ta fara ba, ta ƙi yarjejeniyar Nice a 2001 aka sake ta amince a 2002, kuma ba a taɓa jin an sake ƙuri'a don mutane sun ce e ba. Ƙari a kan haka, tsakanin ƙuri'ar 2008 da ta 2009 tattalin arzikinsu ya rufta, bankuna suka durƙushe, aikin yi ya yi wuya, don haka tsoro ma ya kaɗa tasa ƙuri'ar. Ban musa ba.

Amma duba abin da mai a'a ya fita da shi. Na Ayalan ya riƙe kwamishinansa, har sauran ƙasashe suka ci albarkacinsa. Na Mubi ya sauke hakimin Yola daga wuyansa, ya sami lardi. A'arsa ta yi kuɗi ne saboda an san farashinta. Ka gwada da maƙwabtanmu. A waccan shekara ta 2009, Shugaba Tandja Mamadou na Nijar ya so tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta, ya rushe ta, bayan ya riga ya rushe majalisa. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka ce sama da kashi 92 cikin 100 sun amince. Wa zai tsaya binciken dalili alhali takarda ta ce kowa na so? Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka shiga fada da rana tsaka. Wata 6 da 'yan kwanaki ke nan. Tsakanin mai sake tambaya bayan ya gyara da mai rubuta wa kansa amsa, Malam, zaɓi ɗaya.

Saura mai cewa ta yaya mutum 2,000 za su faɗi zuciyar miliyoyi. Kai da kake sayen masara a kasuwa, ka taɓa zazzage buhu ka ƙirga ƙwaya? Ƙarfe kake sokawa, ka zaro 'yar kaɗan ka duba. Amma ba a baki kaɗai kake sokawa ba, don ka san mai kaya a nan yake zuba mai kyau. Sai ka soka a tsakiya, ka soka a gindi. To majalisar mai shayi bakin buhu ce. Masu kiran waya a gidan rediyo bakin buhu ne, mutum goma ne suke juyawa, har muryoyinsu mun haddace. Masu rubutu a Facebook kuwa ko buhun ba su shiga ba. Mai bincike na gaskiya ƙuri'a yake jefawa ya zaɓi mazaɓu, a cikin mazaɓa ya zaɓi unguwa, a cikin unguwa ya ƙirga gidaje ya shiga wanda lissafi ya faɗa a kai, ko da a ƙarshen rugar da babur ba ya zuwa ne. Mace ita ke shiga wajen mata, kuma maigida ba ya tsayawa a bakin ƙofa yana gyaran murya. Mai tambaya ba ya sa jar hula, ba ya riƙe tsintsiya, ba ya zuwa da motar ɗan takara, ba ya rubuta sunan kowa. Ba ya cewa, "Ko ba saboda tsadar taki ba ne?" Sai ya ce, "Me ya sa?", ya ja bakinsa ya yi shiru. Kuma ana yi ne da zafi zafi, don bayan wata shida duk garin zai rantse wanda ya ci ya zaɓa.

"Ai ƙarya za su yi masa." Wasu za su yi, musamman a maganar kuɗi. Masu wannan sana'a sun san haka, suna da hanyoyin zagaye: ba a ce maka ka karɓa, sai a ce an zo unguwarku da rabo? Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Afrobarometer ta shafe sama da shekara 20 tana irin wannan tambaya a Nijeriya, sai dai nata na ƙasa baki ɗaya ne, ba zai gaya maka bambancin Gude da Mainika ba. Wannan aikin namu ne. Ga Jami'ar Bayero a kan hanyarku ta shiga birni, hanyar ma sunan Gwarzo take ɗauke da shi. Ga Gidan Mambayya a Gwammaja, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya da ke gidan Malam Aminu Kano. Ɗalibai nawa 'yan Gwarzo da Kabo suke rubuta kundin kammala digiri kowace shekara a kan abin da suka kwafo daga intanet? Mazaɓu 20 ne a ƙananan hukumomin biyu. Kuɗin fosta na ɗan takara ɗaya ya isa a zagaye su.

Abin da ya fi ba ni mamaki da ku shi ne, ku da kuka fi kowa sanin zafin rashin tambaya ku ne kuke yi mata dariya. A Mayun 2019 kuka kwana a masarautar Kano kuka tashi a ta Ƙaraye. A Mayun 2024 kuka kwana a Ƙaraye kuka tashi a Kano. Ban ce wanne ne daidai ba, kada a ja ni, ina da 'yan uwa ta ko'ina. Tambayata ɗaya: a duka biyun, wa ya zo Kanwa ko Madadi da takarda ya ce me kuke so? Kowane ɓangare ya ce jama'a na tare da shi, kowane ya tara mutane a mota ya kai gaban kyamara, kuma har yau babu mai lissafin da zai nuna.

Kada kuma ku ɗauka ƙuri'ar raba gardama ta yi muku nisa. Sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a ƙirƙirar sabuwar jiha sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince a irin wannan ƙuri'a. Da ƙuri'ar raba gardama ne ma aka yanke Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963. Masu neman a tsaga Kano ba su taɓa yin barci ba, kowane gyaran tsarin mulki sai sun fito da taswira. Ranar da abin ya zo kanku, za a tambaye ku e ko a'a a kan takardar da, na rantse, ko masu kawo ta ba duka suka karance ba.

Don haka ga roƙona. 'Yan siyasar yankin nan, wanda ya ci da wanda ya faɗi, ku rage buhun shinkafa ɗari cikin na rabo ku ba masu bincike, kuma idan amsa ta zo ba daɗi kada ku ce an saye su. Ku kuma, Malam na Getso da jama'arka, idan yaro ya yi sallama da takarda da biro ya ce daga jami'a yake, ku shimfiɗa masa tabarma, ku gaya masa abin da ya sa kuka dangwala inda kuka dangwala, ku bar Hajiya ta faɗi nata ba tare da kun tsaya a kanta ba. Kuma don Allah kada ku tambaye shi na goro, ɗalibi ne.